Wankin ƙoda a gida

Wankin ƙoda a gida hanya ce ta jinyar mutanen da ƙodarsu ta gaza, inda majinyaci yake tace jininsa a ɗakinsa, shi kaɗai ko da taimakon wani nasa, maimakon ya riƙa zuwa asibiti ko cibiyar wankin ƙoda. Iri biyu ne. Na farko shi ne wanki ta tantanin ciki, inda ake zuba wani ruwa na musamman a kogon cikin majinyaci ta siririn bututu, ruwan ya jawo dattin jini, sannan a fitar da shi. Na biyu shi ne wankin jini da na'ura, wato hemodayalisis, inda jini ke fita daga jiki ya ratsa wata matata ya koma. Dukansu biyu ba sa warkar da ƙoda. Suna ɗauke wani ɓangare ne na aikinta har zuwa lokacin da za a samu dashe, ko kuma iya tsawon ran majinyaci.

An fara wankin ƙoda a gida a 1964 a biranen Seattle da Boston na Amurka da kuma Landan, lokacin da na'urorin asibiti ba su isa masu buƙata ba. Ga majinyacin da ya samu horo kuma ake bibiyarsa, tsawon rai a wankin gida bai gaza na wankin cibiya ba. Duk da haka kimanin kashi 11 cikin 100 ne kawai na masu wankin ƙoda a duniya ke yi ta tantanin ciki, masu yi da na'ura a gida kuma ba su ko kusanci wannan adadi ba. Yawan masu yi a gida ya sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma masana sun fi danganta hakan da tsarin biyan kuɗin jinya, da horar da ma'aikata, da samuwar kayan aiki.

Aikin ƙoda da gazawarta

Mutum yana da ƙoda biyu, kowace ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A kowace rana suna tace ruwan jini da ya kai lita 180, su mayar da mafi yawansa jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Ƙoda ce ke daidaita gishiri da fotasiyam da tsamin jini, tana da hannu wajen daidaita hawan jini, tana samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, tana kuma sarrafa bitamin D domin ƙarfin ƙashi.

Likitoci sun kasa ciwon ƙoda mai daɗewa zuwa matakai biyar. A mataki na biyar, ƙarfin tacewa ya faɗi ƙasa da kimanin kashi 15 cikin 100, kuma a nan ne ake cewa ƙoda ta gaza. Alamominsa sun haɗa da kumburin ƙafafu da fuska, sarƙewar numfashi, tashin zuciya, rashin son abinci, ƙaiƙayi, kasala da ƙarancin jini. Idan fotasiyam ya taru da yawa yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Ciwon suga da hawan jini su ne kan gaba wajen jawo gazawar ƙoda, sai kumburin matatan ƙoda da wasu cututtukan gado.

Wanda ƙodarsa ta gaza yana da zaɓi uku: dashen ƙoda, wankin ƙoda, ko kulawar rage raɗaɗi ba tare da wanki ba. Lafiyayyar ƙoda tana aiki awa 168 a mako, alhali wankin da aka saba yi a cibiya awa 12 ne kacal, wato awa huɗu sau uku a mako. Wannan giɓi na daga cikin manyan dalilan da ke sa likitoci ba da shawarar wankin gida, domin a gida ana iya yi kullum ko a tsawaita shi.

Tarihi

Masanin sinadarai ɗan Sikotilan, Thomas Graham, shi ne ya yi amfani da kalmar dayalisis a 1861 wajen bayanin yadda wasu narkakkun sinadarai ke ratsa siririn tantani su bar wasu. A Jamus, Georg Ganter ya gwada wanki ta tantanin ciki a jikin mutum a 1923, Georg Haas kuma ya yi wankin jini na farko ga mutum a 1924. Na'urar farko mai aiki sosai ita ce wadda Willem Kolff ya ƙera a garin Kampen na ƙasar Holan a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 wata mata mai shekara 67 ta zama ta farko da na'urar ta ceto.

A lokacin, kowane zama sai an yanka jijiya an sa bututu, jijiyar kuma ta lalace, saboda haka wankin bai wuce na 'yan kwanaki ba. A 1960 Belding Scribner da Wayne Quinton na birnin Seattle suka ƙirƙiro wani bututun Teflon da ake bari a hannun majinyaci, a buɗe shi duk lokacin wanki. Daga nan ne wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya ya samu damar rayuwa ta shekaru.

Wannan nasara ta zo da tata matsalar. Cibiyar da aka buɗe a Seattle a 1962 gado uku ta fara da su, masu nema kuma sun ninka hakan. Sai aka naɗa kwamitin mutum bakwai da aka ɓoye sunayensu, cikinsu har da lauya, limamin coci, ma'aikacin banki da shugaban ƙwadago, domin su zaɓi wanda za a yi wa wanki. Suna duba shekarun mutum, yawan iyalinsa, sana'arsa da dukiyarsa. Wanda ba a zaɓa ba mutuwa ce makomarsa. Rahoton da mujallar Life ta buga kan kwamitin a Nuwamba 1962 ya ta da ƙura, kuma ana lissafa shi cikin abubuwan da suka haifar da fannin nazarin ɗa'ar likitanci na zamani.

A 1964 aka ƙi karɓar wata 'yar makaranta saboda ƙarancin shekarunta. Injiniya Albert Babb na Jami'ar Washington, wanda abokin mahaifinta ne, ya haɗa kai da Scribner suka ƙera ƙaramar na'ura mai kula da kanta, wadda mahaifiyar yarinyar za ta iya sarrafawa a gida. Yarinyar ta rayu shekara huɗu a kanta. A wannan shekarar ce tawagar John Merrill ta fara irin wannan shiri a Boston, Stanley Shaldon kuma ya fara wankin dare a gida a Landan, inda majinyaci ke barci na'ura na aiki.

Zuwa 1973, kusan kashi 40 cikin 100 na masu wankin ƙoda a Amurka a gida suke yi. A shekarar ce shirin inshorar gwamnati na Medicare ya fara ɗaukar nauyin jinyar gazawar ƙoda, bisa dokar da aka zartar a 1972. Tsarin biyan ya fi amfanar cibiyoyi, 'yan kasuwa suka buɗe su da yawa, aka kuma fara karɓar tsofaffi da masu cututtuka da dama. Kafin farkon shekarun 2000, masu wankin jini da na'ura a gida sun koma ƙasa da kashi ɗaya cikin 100.

Wanki ta tantanin ciki ya bi tasa hanyar. Henry Tenckhoff ya samar da bututun silikon mai zama a ciki a 1968. A 1976 Robert Popovich da Jack Moncrief na jihar Texas suka bayyana tsarin barin ruwa a ciki dare da rana ba tare da na'ura ba. Dimitrios Oreopoulos na Toronto ya maye gurbin kwalaben gilashi da jakunkunan roba a 1978, sannan Umberto Buoncristiani na Italiya ya kawo haɗin bututu mai siffar harafin Y, wanda ya rage kamuwa da ƙwayoyin cuta ƙwarai. Wankin jini a gida ya sake farfaɗowa a shekarun 1990 da shirin wankin dare na Robert Uldall da Andreas Pierratos a Toronto, da kuma fitowar ƙananan na'urori irin su NxStage System One, wadda aka amince da ita don amfanin gida a Amurka a 2005.

Wanki ta tantanin ciki

Tantanin ciki siririn mayafi ne da ya shimfiɗu a bangon ciki ya kuma lulluɓe hanji. Cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa yake iya zama matata. Likita yana yin ƙaramar tiyata ya sa wani lallausan bututu, kateta, mai kauri kamar fensir, a ƙasan cibiya, ya bar bakinsa a waje. Yawanci akan jira kimanin mako biyu wurin ya warke kafin a fara amfani da shi.

Idan ruwan wanki ya zauna a ciki, datti irin su yuriya da kiriyatinin da fotasiyam suna tsallakowa daga jini, inda suka yi yawa, zuwa cikin ruwan, inda babu su. Sukarin gulukos da ke cikin ruwan shi ke jawo rarar ruwan jiki. Jakunkunan suna zuwa da ƙarfin sukari iri uku, kashi 1.5 da 2.5 da 4.25 cikin 100, kuma mafi ƙarfi shi ya fi jawo ruwa. Akwai wani ruwa mai suna aikodekstirin, da ake yi daga sitacin masara, wanda ya dace da dogon zama.

Kowane canji yana da matakai uku:

1. Fitarwa: a jona katetar da jakar da babu komai, a ajiye ta ƙasa, tsohon ruwa ya gangaro cikin kimanin minti 20.
2. Zubawa: a rataye sabuwar jaka sama, lita biyu zuwa biyu da rabi su shiga cikin kimanin minti 10.
3. Zama: a cire jakunkuna a toshe bakin katetar, ruwan ya zauna awa huɗu zuwa shida, majinyaci ya ci gaba da harkokinsa.

Hanyar da ake yin wannan da hannu, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CAPD, tana buƙatar canji uku zuwa biyar a rana, galibi huɗu: da safe, da rana, da yamma da lokacin kwanciya. Ba ta buƙatar wutar lantarki, domin nauyin ruwan ne ke tafiyar da shi. Ɗaya hanyar, APD, tana amfani da wata na'ura da ake ajiyewa a gefen gado, wadda ke yin canje-canjen da kanta cikin awa takwas zuwa goma majinyaci na barci. Ita ce aka fi zaɓa wa yara da ma'aikata, saboda tana bar musu yini gaba ɗaya.

Wankin jini da na'ura a gida

A wannan hanya famfon na'ura yana jan jini, kimanin mililita 300 zuwa 400 a minti, ya tura shi cikin matata mai ɗauke da dubban siraran zaruruwa masu rami, kowane kamar silin gashi. Jini na bi ta cikin zaruruwan, ruwan wanki na bi ta wajensu, datti da rarar ruwa suna tsallakawa. Jinin da ke wajen jiki a lokaci guda bai fi cikin kofi ɗaya ba, kuma ana sa maganin hefarin domin kada ya daskare.

Jijiyar hannu yadda take ba ta iya ba da jini mai yawa haka. Don haka likitan tiyata yakan haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, sai ta biyun ta kumbura ta yi ƙarfin da za ta jure allura. Wannan haɗi shi ake kira fistula, kuma ba shi da alaƙa da yoyon fitsarin da mata ke samu wajen haihuwa. Michael Brescia da James Cimino da abokan aikinsu ne suka bayyana shi a New York a 1966. Fistula takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta nuna. Idan ba ta yiwu ba, akan sa bututun roba a ƙarƙashin fata, ko kateta a babbar jijiyar wuya, sai dai kateta ta fi saurin jawo ƙwayoyin cuta.

Jadawalin wankin gida iri uku ne:

1. Na al'ada: sau uku a mako ko kowane bayan kwana ɗaya, awa uku zuwa biyar.
2. Gajere na kullum: kwana biyar ko shida a mako, awa biyu zuwa huɗu.
3. Na dare: dare uku zuwa shida a mako, awa shida zuwa takwas ana barci.

Ruwa babban lamari ne a nan. Na'urar da aka saba da ita tana amfani da ruwan wanki lita 120 a zaman awa huɗu, ban da wanda ake zubarwa wajen tacewa. Mutum yana shan kimanin lita 14 a mako, amma jinin mai wanki yana haɗuwa da lita 360 ko fiye, kuma siririn tantani ne kaɗai tsakaninsu. Sinadarin kuloramin da ake sa wa ruwan famfo yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, alminiyom kuma yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙashi. Saboda haka dole a kafa injin tace ruwa a gidan, a kuma riƙa gwada ruwan. Wasu ƙananan na'urorin zamani suna wadatuwa da lita 20 zuwa 30 a zama ɗaya, wani lokaci daga jakunkunan da aka haɗa a masana'anta.

Horo da shirin gida

Ba a sallamar majinyaci ya fara wanki a gida sai ma'aikatan jinya sun horar da shi sun kuma gamsu. Horon wanki ta tantanin ciki yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, na wankin jini da na'ura kuma mako uku zuwa takwas, domin ya ƙunshi koyon soka wa kai allura biyu, haɗa na'ura, da sanin abin yi idan ta yi ƙararrawa. Majinyaci yana rubuta nauyinsa, hawan jininsa da yawan ruwan da ya fita a kullum, yana kuma zuwa asibiti duk wata ɗaya zuwa uku don gwajin jini. Cibiyar da ke kula da shi tana ba shi lambar wayar da zai kira dare ko rana.

Gidan yana buƙatar wuri mai tsabta da haske, wurin wanke hannu, da busasshen ɗakin ajiya. Mai canji huɗu na lita biyu a rana yana amfani da jaka 120 a wata, wato lita 240, kusan tan uku a shekara. Lokacin canji ana rufe taga, a kashe fanka, a sa takunkumin fuska, a fitar da dabbobi. An sha samun ciwon ciki mai tsanani sakamakon kyanwa ta ciji bututu.

Yawancin majinyata za su iya ɗaya daga cikin hanyoyin biyu. Wanki ta tantanin ciki ba ya dacewa da wanda tiyatoci suka bar masa tabo mai yawa a ciki, ko mai ciwon ƙaba da ba a gyara ba, ko mai kumburin hanji mai tsanani. Tsufa, makanta ko rashin karatu ba sa hanawa idan akwai mataimaki. A Faransa, ma'aikatan jinya ne ke zuwa gidajen tsofaffi su yi musu canji, inshorar gwamnati na biya.

Amfani

Babban amfaninsa shi ne ana cire ruwa da datti a hankali kuma akai-akai. Mai zuwa cibiya sau uku a mako yana samun tazarar kwana biyu cur a ƙarshen mako, kuma wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2011 ya gano cewa mutuwa da kwanciya asibiti saboda ciwon zuciya sun fi yawa a ranar da ta biyo bayan wannan tazara. Wani gwaji da aka buga a 2010 ya nuna cewa wanki sau shida a mako yana rage kaurin bangon zuciya, yana kuma daidaita hawan jini da fosfet fiye da sau uku, ko da yake ya ƙara yawan gyaran da ake yi wa fistula.

Masu wanki a cibiya sukan yi awanni suna fama da gajiya da jiri bayan zama, abin da ke raguwa sosai a wankin kullum da na dare. Wanki ta tantanin ciki ya fi adana ragowar aikin ƙoda a shekarun farko, ba ya kuma buƙatar allura. Dokar abinci ma ta fi sassauci: majinyaci yakan samu damar ƙara ruwan sha da kayan abinci masu fotasiyam kamar ayaba, tumatir da dankali, gwargwadon abin da gwajin jininsa ya nuna. Ga mata masu ciki, wani bincike na 2014 da ya kwatanta Toronto da Amurka ya samu cewa kashi 85 cikin 100 na waɗanda suka yi wanki fiye da awa 36 a mako sun haifi 'ya'yansu da rai, alhali kashi 48 ne a cikin masu awa 20 ko ƙasa da haka. A lokacin annobar korona ta 2020, masu wanki a gida ba su kamu da cutar kamar masu zama tare a cibiya ba.

Matsaloli da haɗura

Babbar barazana ga mai wanki ta tantanin ciki ita ce kumburin tantanin, wanda ke faruwa idan ƙwayoyin cuta suka shiga ta bututu, yawanci ta hanyar taɓa bakinsa da hannu. Ruwa mai lafiya yakan fito garau, ruwan ɗorawa-ɗorawa, har a iya karanta rubutu ta bayan jakar. Idan ya fito fari-fari kamar an ɗiga masa madara, ko aka ji ciwon ciki da zazzaɓi, dole a je asibiti a ranar tare da jakar. Ana maganinsa da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sawa cikin ruwan wanki na mako biyu zuwa uku, kuma idan ya ƙi ji sai a cire katetar. Ƙungiyar ƙwararru ta duniya a wannan fanni, ISPD, ta sa ma'auni a 2022 cewa kada yawan kamuwa a kowace cibiya ya wuce 0.40 ga majinyaci a shekara, wato sau ɗaya cikin wata 30.

Sauran matsalolin sun haɗa da ciwo a mafitar kateta, ƙaba saboda nauyin ruwa, ƙiba da hauhawar suga saboda jiki na shan gulukos, da asarar furotin, wanda ya sa ake son majinyaci ya riƙa cin ƙwai, kifi da nama. Bayan shekaru tantanin yakan gaji ya rage tacewa, sai a koma wankin jini.

A wankin jini a gida, haɗarin da aka fi tsoro shi ne allura ta zame majinyaci na barci, jini ya zuba da yawa cikin 'yan mintuna. Akan ɗaure allurar sosai, a kuma sa wata 'yar na'ura mai ƙara idan ta ji danshi. Akwai kuma shigar iska cikin jijiya, faɗuwar hawan jini da ciwo a wurin allura. Waɗannan ba su cika faruwa ba, amma horo yana mayar da hankali a kansu.

Akwai nauyin da ba na jiki ba. Gida yakan koma kamar ƙaramin asibiti, kuma mata ko miji ko ɗan da ke taimakawa yana iya gajiya. Gajiyar majinyaci ko mataimakinsa na cikin dalilan da ke sa a koma cibiya. Haka kuma wankin gida ya dogara ga isowar kaya a kan kari. A Satumba 2024 guguwar Helene ta lalata wata babbar masana'antar ruwan magani a jihar North Carolina, lamarin da ya jawo ƙarancin ruwan wanki a Amurka har aka riƙa tsimin sa.

Yaɗuwa a duniya

Wani nazari da mujallar The Lancet ta buga a 2015 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.6 ne suka samu wankin ƙoda ko dashe a 2010, yayin da aƙalla miliyan 2.3 suka mutu don rashin samunsu. A ƙasashe masu arziki wankin gida ya fi na cibiya araha, saboda ba ya cin gini da albashin ma'aikata da yawa, shi ya sa wasu gwamnatoci suka mayar da shi manufa.

Hong Kong ta kafa dokar fara wa kowane majinyaci da wanki ta tantanin ciki tun 1985, sai idan akwai dalilin likita, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na masu wanki a can a kansa suke. Tailan ta ɗauki irin wannan manufa a 2008 lokacin da ta shigar da wankin ƙoda cikin inshorar lafiya ta kowa da kowa, sannan ta ba majinyata zaɓi a 2022, abin da ya sa masu zuwa cibiya suka ƙaru da sauri. Meziko ta daɗe cikin ƙasashen da suka fi amfani da wannan hanya. New Zealand da Ostireliya suna kan gaba a wankin jini da na'ura a gida, wanda nisan garuruwa ya taimaka wajen ɗorewarsa. A Japan kuwa, masu wanki ta tantanin ciki ba su wuce kimanin kashi 3 cikin 100 ba. A Yuli 2019 gwamnatin Amurka ta sa burin cewa zuwa 2025 kashi 80 cikin 100 na sababbin majinyata su kasance a wankin gida ko sun samu dashe. Adadin ya ƙaru bayan haka, amma har yanzu mafi rinjaye a cibiya suke.

A Afirka

A Afirka kudu da Sahara, matsalar farko ita ce samun wankin kansa. Wani nazari da Gloria Ashuntantang ta Kamaru ta jagoranta, wanda aka buga a 2017, ya nuna cewa kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai na manyan da suka fara wanki suke ci gaba da shi har wata uku ko fiye, kuma rashin kuɗi ne babban dalili.

A Najeriya an buɗe sashen wankin jini na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981. An yi dashen ƙoda na farko a Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma ya fara nasa a 2002. Cibiyoyin wanki sun fi yawa a manyan birane, majinyata ne ke biya daga aljihunsu, kuma da yawa ba sa iya fiye da zama ɗaya a mako. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. A Nijar cibiyoyin kaɗan ne, mafi girmansu kuma a Yamai.

Hanyar CAPD ta dace da mazauna karkara, tun da ba ta buƙatar lantarki ko injin tace ruwa ko doguwar tafiya sau uku a mako. Wannan yana da muhimmanci ga yankuna irin su Gashuwa da kewayenta a jihar Yobe, inda aka daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda. Amma kusan babu masu yin ta a Najeriya. Jakunkunan ruwan daga waje ake shigo da su, kuma kuɗin dako, harajin kwastan da canjin kuɗi suna sa farashinsu ya kai ko ya zarce na wankin cibiya. Akwai kuma ƙarancin ma'aikatan da suka ƙware wajen sa kateta da horar da majinyata.

Afirka ta Kudu, wadda ke haɗa ruwan wankinta a cikin gida, ita ce ta fi yawan masu wanki ta tantanin ciki a yankin. Senegal ta fara nata shirin a Dakar a 2004, Sudan kuma ta ƙaddamar da shiri na ƙasa a Khartum a 2005, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ɗaiɗaita jinyar ƙoda a ƙasar. Shirin Saving Young Lives, wanda ƙungiyoyin likitocin ƙoda na duniya suka kafa a 2012, ya horar da ma'aikata a ƙasashe da dama kan wanki ta tantanin ciki ga masu gazawar ƙoda ta farat ɗaya, musamman yara, kuma wasu asibitoci, kamar na Mbingo a Kamaru, suna haɗa nasu ruwan daga ruwan ƙarin da suke da shi. Wannan wanki ne na 'yan kwanaki a gadon asibiti. Mayar da shi jinyar shekaru a gida yana buƙatar masana'antar ruwan wanki a kusa, hanyar kai kaya gidajen majinyata duk wata, da inshorar da za ta ɗauki nauyin kuɗin.